Hannun Tirikon Baba

Ni ce ƴar fari a gidanmu, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. A ƙauyenmu da ke kusa da Mallawa haka ake yi, kuma ba wanda yake ɗaukar abin ƙiyayya. Kunya ce. Tun ina ƙarama, in Baba yana son a kira ni, sai ya ce wa wani, “Kira mini waccan.” Da aka yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, ƙanwarsa, wadda zana ɗaya ce ta raba gidanta da namu. A ɗakinta na girma. Ita ta kai ni lakwal, wato makarantar boko, ita ta lallashe ni ranar da na faɗi jarrabawar sartifika, ita kuma ta kai ni Magarya wurin wata ƙawarta, na koyi saƙa da kwarashi a gidan koya wa mata sana'a. Da aka yi mini aure a Dungas sai Baba ya samo mini sabon suna. In zai tambayi lafiyata sai ya ce wa Gwaggo, “Ya mutanen Dungas?” Ni kaɗai ce mutanen Dungas ɗin.

Abin da na iya saƙawa a lokacin kayan jarirai ne: hula, safa, ƴar riga mai igiya a wuya, sai kuma marufin kwano na amare. Ban taɓa yi wa babban namiji komai ba. Ni kuwa mutum ce mai yawan tunani. In na ba da hular jariri, sai in yini ina tambayar kaina ko ta matse masa kai. Na sha komawa gidan mutane da sunan gaisuwa, alhali hular na je dubawa. Gwaggo tun ina yarinya take kirana Uwar Damuwa.

Kowace ranar kasuwar Dungas Gwaggo tana zuwa a kan babur ɗin kabu-kabu da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ta sauka a gidana ta sha ruwa kafin ta wuce rumfarta. Wata shekara, ana tsakiyar yankan gero, ta zauna a kan turmi tana kwance ɗankwali ta ce:

“Tsohon naki ya fara tarin nan nasa tun sanyi bai sauko ba.”

Tarin na san shi. Kowace shekara in an kai amfanin gona gida yake kama shi, ya riƙe masa ƙirji har sai zafi ya shigo. Amma bana, in ji Gwaggo, ya fi na bara. Sun kai shi likita a Mallawa, majo mai duba marasa lafiya ya ba shi magani, ya kuma ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai an rufe ƙirjin nan da kyau, kada iska ta same shi, musamman da asuba.

Na ce, “To a saya masa rigar sanyi mana, Gwaggo.”

“A saya masa? Je ki saya masa ke. Ƙanenki ya kawo masa ta gwanjo daga kasuwa, ya ɗaga ta da sanda kamar mataccen ɓera. Wai bai san wanda ya mutu a cikinta ba, bai kuma san ko mai ita yana tsarki ba, ba zai tsaya gaban Ubangiji da ita ba. Aka kawo sabuwa a leda, irin wadda ake zurawa ta kai, ya ce ta shaƙe shi kamar akuyar da za a kai kasuwa. Bargo yake yafawa, kafin ya kai masallaci ya zame.”

Ranar ban iya cin abincin kirki ba. Washegari na ce wa maigidana, wanda shi ma kabu-kabu yake yi in an gama aikin gona, in ya shiga Maigatari ya nemo mini zaren ulu mai yawa, ruwan toka. Na yanke shawara zan saƙa wa Baba tiriko, wato rigar sanyi ta saƙa, mai buɗaɗɗen gaba da maɓallai, wadda ba za ta bi ta kansa ba, wadda kuma ba wanda ya taɓa sawa. Ya kawo zaren, sai na ga kalar ba ɗaya ba ce, rabi ya ɗan fi rabi duhu. Shi ya ce bai ga bambanci ba. Na fitar da su rana na juya na sake juyawa, daga baya na ce mai duhun zai tafi baya, inda Baba ba zai gani ba. Sai kuma na tuna waɗanda za su tsaya sahu a bayansa za su gani. Haka dai na haƙura.

Babbar matsalar ita ce awo. Ni ba zan iya tsayawa kusa da Baba ba, balle in ɗora masa hannu a kafaɗa. Rigunansa kuwa ba sa nuna girman mutum, kowacce za ta ɗauki mutum biyu. Na roƙi Gwaggo ta auno mini shi. Da kasuwa ta zagayo ta shigo tana dariya tun daga zaure, har tana dafa bango.

“Uwar Damuwa, kin kusa sa a kore ni daga garin ubana.”

“Subhanallahi, me ya faru?”

“Na nemi abin awo ban samu ba, na zaro karan dawa daga dangar gida na nufe shi yana kwance a tabarma. Ya buɗe ido ya gan ni tsaye a kansa da kara. Ya ce, ‘Ke! Ban mutu ba tukuna! Wa ya aiko ki?’”

Gabana ya faɗi, don a wurinmu da kara ake auna mamaci kafin a haƙa kabari. Na ce, “Gwaggo, ba ki dai ce ni ba ce?”

“Na ce masa kaza nake kora. Ya ce kazar a ƙirjinsa take?”

Ta bar ni na gama salati, sannan ta kwance wani tsohon ɗankwali daga ƙugunta, duk ƙulle-ƙulle a gefensa. Ashe bayan abin ya lafa ta ce za ta shafa masa man zafi a baya, tana shafawa tana shimfiɗa gefen ɗankwalin tana ƙullewa. Ta nuna mini: wannan ƙulli faɗin kafaɗa, wannan daga wuya zuwa ƙugu, wannan tsawon hannu, wannan ƙaramin kuma kaurin wuyan hannu. Na daɗe ina kallon ƙaramin. A tunanina hannun Baba ya fi haka, hannun da nake gani daga nesa yana ɗaga damin gero shi kaɗai ya jefa a rumbu. Ban san ya rame haka ba.

Na fara saƙar a ƙarƙashin itacen bedi da ke tsakar gidanmu, daga an gama aikin safe har rana ta karkata. Tunda maganar tsarki ce ta hana shi sa ta gwanjo, sai na ɗauki abin da zafi. Ba na taɓa zaren sai na wanke hannu. Na sa shi a cikin sabon kwano na rufe da faifai, na huda gefen faifan zaren yana fitowa ta nan, don kada ya yi birgima a ƙasa inda kaji suke yawo. Ina goyo a lokacin, saboda haka in yarinyar tana cinyata ba na ɗaukar kwarashi ko kusa. Rana ɗaya na ga ɗan danshi a gefen saƙar, ban san ko ruwan randa ne ko wani abu ba. Na shinshina, na ba maƙwabciyata ta shinshina, ta ce ruwa ne. Duk da haka na warware wajen na yanke zaren na jefar.

Waɗannan kwanaki suna cikin waɗanda na fi tunawa a rayuwata. Gari ya cika da sabon hatsi, kowane gida ana sussuka, ƙamshin gyaɗa da ake soyawa yana tsallako katanga. Mata suna shigowa su tsaya a kaina suna cewa, “Wannan jaririn naki ƙato ne,” in ce musu na gado ne. Ina saƙa ina tuna abubuwan da ban san na riƙe ba. Na tuna ranar da ƙaya ta shige mini ƙafa a hanyar gona, Baba ya zo wucewa, bai tsaya ba, bai dube ni ba, amma kafin in kai gida na tarar ya aiko wa Gwaggo da sabon takalmin roba daidai ƙafata. Na tuna in ya dawo daga kasuwar Sassumbrum yakan raba wa ƙannena rake a hannu, nawa kuma sai in tsince shi a kan zanar Gwaggo, kuma kullum shi ne gaɓar da ta fi kauri.

Na yi bayan, na yi gaba biyu, na ɗinke su a kafaɗa. Na sa aljihu a dama saboda goro da carbi. Hannuwan na bari ƙarshe, na saƙo su daga kafaɗa zuwa ƙasa. Da na iso wuyan hannu sai maganar majo ta dawo mini, kada iska ta same shi. Na ce a raina ai ta nan iska take shiga ta haura har ƙirji. Sai na ajiye babban kwarashi na ɗauki ƙarami, na ja zaren da ƙarfi, na yi bakin hannun ƙam, daidai ƙaramin ƙullin Gwaggo, na ƙara masa tsawo ya kai rabin sangalin hannu. Na gwada a hannuna na hura iska da baki, ba ta shiga. Na ji daɗi ƙwarai.

Na wanke tirikon, na shanya ta a ɗaki, na turara ta, na naɗe a sabon zane na ba Gwaggo. Sanyi ya riga ya fara sauka. Na ce, “Kada ki ce daga wurina take.”

“To daga wurin wa zan ce? Aljanu?”

Da ta dawo kasuwa ta gaba ban bari ta sauke jarkar mai ba.

“Ya sa?”

“Bari in sha ruwa mana, ƴar nan.”

“Gwaggo, don Allah.”

“Ya sa. Ya juya ta ciki da waje, ya shinshina, ya ƙirga maɓallan da yatsa, sannan ya sa a ƙarƙashin riga.”

“Ya ce me?”

“Ya ce Allah ya yi wa tumakin da suka ba da gashin albarka.”

Zaren nan na roba ne, ba tunkiya ko ɗaya a cikinsa. Na shiga ɗaki na karɓi addu'ar a madadinsu, na yi kukana na fito.

Na ɗauka magana ta ƙare. Amma da sanyi ya kai tsakiya, lokacin da man gyaɗar Gwaggo yake daskarewa a jarka, sai ta shigo wata ranar kasuwa ba dariya, ta ajiye mini ƙunshi a cinya. Zanen da na naɗe tirikon ne. Na buɗe, ga ta nan a ninke.

“Ya ce a mayar wa mutanen Dungas su duba ta.”

“Su duba me?”

“Abin da ya ce ke nan. Na tambaye shi, ya ɗauki redionsa ya kara a kunne.”

“Tarin fa?”

Ta ce, “Ya ƙaru. Jiya bai fita asuba ba.”

Baba bai fita asuba ba. Tunda nake ban taɓa jin haka ba. Gwaggo ta wuce kasuwa ta bar ni da tiriko a hannu, da tunani iri-iri. Ko wani ya gaya masa ina goyo lokacin da nake saƙar? Ko ya lura da kalar baya? Ko mutanen masallaci sun yi masa dariya sun ce kayan jarirai ya sa? Ko labarin karan nan ne ya dawo masa ya ga kamar likkafani na aika? Na shimfiɗa ta a tabarma na bi ta jeri-jeri. Ba inda ta warware. Maɓallai suna nan. Aljihun ya yi ja da ɓarɓashin goro, wuyan yana ƙamshin man zafi da hayaƙin icce. Wannan ba rigar da aka ƙi ba ce, an sa ta sosai. Bakin hannuwan kaɗai na ga sun ɗan sake kama, sun yi tauri, zaren ya miƙe kamar an yi ta jan sa. Na kasa gane dalili.

Maigidana ya dawo wajen la'asar ya tarar da ni a haka. Na ce ya taimake ni ya sa ta in gani a jikin mutum. Ya sa yana gunaguni, ya ɗaga hannu, ya sauke, ya zagaya.

“Lafiyarta lau. In tsoho ba ya so, ni ina so, iskar babur ta ishe ni.”

Ana cikin haka aka kira salla. Ya ɗauki buta ya tsuguna a bakin rariya da tirikon a jikinsa. Ya wanke tafin hannu, ya kurkure baki, ya wanke fuska. Ya kama bakin hannun zai tura sama, ya ƙi wucewa. Ya sake turawa, ya tsaya cak a tsakiyar sangali.

“Kai! Wannan ai sai an tuɓe ta gaba ɗaya kafin ruwa ya kai gwiwar hannu.”

Na ji kamar an zuba mini ruwan randa. Na tuna da tsarkin zare, na tuna da kaji, na tuna da mutanen sahun baya, ban tuna cewa mai rigar zai yi alwala sau biyar a yini ba. Ashe duk tsawon sanyin nan Baba yana cire babbar riga, ya ɓalle maɓallai, ya tuɓe tiriko, ya tsuguna da ƴar shara a cikin iskar asuba, jikin da ya ɗumama ya sha sanyi, sannan ya mayar. Kuma bai iya cewa ƴarsa ta fari ta yi kuskure ba, don in ya faɗa ya yi maganata ke nan.

Da Gwaggo ta biyo ɗaukar kayanta na gaya mata. Na ce amma hannun maigidana ya fi na Baba kauri, ko dai ba shi ne dalilin ba? Ta kama nata sangalin ta ce, “Wuyan hannun ne ya rame. Nan sama kuwa hannun mai hauya ne, har gobe. Ni ma da na auna ban haura ba.” Ta miƙa hannu za ta ɗauki tirikon, wai ya ci gaba da maneji. Na riƙe. Na ce ta ce masa mutanen Dungas suna dubawa.

Allah ya taimake ni hannuwan ne ƙarshen saƙa, saboda haka na kwance ƙulli na ja zare, suka warware har gwiwa. Zaren ya fito a nannaɗe kamar gashin da aka tsefe, na riƙe shi a kan tururin tukunya ya miƙe. Na koma babban kwarashi, na yi saƙa mai saƙo-saƙo wadda take buɗewa in an ja, ta koma in an saki. Na fara tunanin tsaga hannun in sa maɓalli, sai na tuna yatsun tsoho jiƙaƙƙu a cikin sanyi, na fasa. Wata damuwar kuma, kada ya yi faɗi ya riƙa zamowa cikin ruwa. Duk jerin da na ƙara sai na kira maigidana ya sa ya ɗauki buta. Ya tura, ya wanke, ya girgiza hannu in ga ko zai zamo. A rana ta biyu ya ce:

“Baiwar Allah, alwalar da na yi yau ta isa a raba wa unguwa.”

Ban jira ranar kasuwa ba, don kowace asuba da ta wuce Baba ba shi da komai sai bargon nan mai zamewa. Da na gama na goya yarinya, maigidana ya ɗauke mu a babur. Muka isa da hantsi. Na ba Gwaggo ƙunshin ta kai, sannan na je na durƙusa a bakin zauren Baba, kaina a ƙasa, na gaishe shi. Ya amsa yana kallon bango, muryarsa a dushe, ya juya ya tambayi maigidana yashin hanya da farashin wake. Na koma gidan Gwaggo.

Da azahar na ji ƙarar buta. Zanar da ta raba gidajen tana da wata kafa da na sani tun ina yarinya, na sa ido a nan. Ya fito a hankali, ya naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, ga tirikon a ciki, maɓallai a rufe har wuya. Ya tsuguna. Da ya zo wanke hannu ya kama bakin na dama ya tura, ya wuce gwiwa ya zauna. Ya ɗan tsaya yana kallonsa. Ya janyo shi ƙasa, ya sake turawa, kamar yaro da sabon abin wasa. Sannan ya zuba ruwa.

Da ya gama ya miƙe, ya sauke hannuwan ya gyara su. Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofa. Bai dubi zanar ba, amma ya ɗaga murya fiye da yadda ake yi wa wanda yake kusa.

“In kin je kasuwa, ki gaya wa mutanen Dungas hannun ya yi.”

Gwaggo ta ce, “To, Yaya, in na je zan gaya musu. Hanya ce da nisa.”

Washegari ya fita asuba. Tarin bai rabu da shi ba, amma ya sassauta, kuma ya ga shekarun sanyi da yawa bayan wannan a cikin tirikon. Kowace shekara in an fara yankan gero sai Gwaggo ta kawo mini ita a cikin zanen nan, da saƙo iri ɗaya, a duba. Na daina tsorata. In shimfiɗa ta in nemo da kaina: bana gwiwar hannu ta cinye, bana aljihu ya huje, wata shekara kuma na ga ya matsar da maɓalli da zaren buhu, na gane ya ƙara ramewa, na rage mata faɗi. Zaren toka ya ƙare, na riƙa cikewa da abin da na samu, har ta zama kala uku. Bai taɓa cewa a yi sabuwa ba.

Da ya rasu, cikin zafi ne, aka ba ladanin masallacinsu tirikon sadaka tare da sauran tufafinsa. Na so in riƙe ta, na ji kunyar faɗa. Har yau in sanyi ya sauko nakan koma lissafin asubahin nan da ya yi yana tuɓewa, ina tambayar kaina ko su ne suka zaunar masa da tarin a ƙirji. Na taɓa faɗa wa Gwaggo, wadda yanzu ta tsufa ta bar zuwa kasuwa. Ta ce, “Uwar Damuwa, wa ya hana shi barin ta a ɗaki ya yafa bargonsa? Shi ya ga zai iya.”

Yanzu matasa suna kawo mini hoton tiriko a waya su ce irin wannan suke so, mai matsattsen hannu. Ina yi musu kalar da suke so da aljihun da suke so. Amma kafin in ƙulle zaren ƙarshe sai na miƙa wa mutum buta na ce ya tsuguna in gani.